Tambaya da Amsa: Wai akwai injin da ake haska abinci ya nuna ko yana kawo ciwon daji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni a Gadarif ta ƙasar Sudan nake, sana'ata niƙa gyaɗa, ina yin dakwa da ƙuli ina kai wa masu agashe. Yarona da ke karatun kimiyya ya ce min wai akwai injin da ake haska abu da shi ya faɗi ko yana kawo kansa, wato ciwon daji, kuma wai gyaɗar tamu ma abar tsoro ce. Wallahi hankalina ya tashi, don Allah gaskiya ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Yaronki bai yi ƙarya ba, sai dai maganar tana son gyara kaɗan. Injin akwai shi, kuma aikinsa da haske ne. Kowane sinadari akwai kalar hasken da yake shanyewa da wadda yake mayarwa, kamar zanen yatsa ne, babu biyun da suka zo ɗaya, to idan aka haska samfur aka duba abin da ya dawo sai a ce ga abin da ke ciki, ga kuma yawansa. Amma sanin cewa abu yana kawo kansa daga wani wuri yake fitowa, ana gwada shi a jikin ɓeraye har shekara 2, ko a ƙwayoyin bakteriya irin gwajin da Bruce Ames ya fito da shi a Amurka a shekarun 1970, ko a bi tarihin mutanen da suka daɗe suna cin abin. Masu fiziks sun yi ta ƙoƙarin gajarta wannan jira, suna auna yadda sinadari ke fizgar lantarki saboda da yawa cikin masu kawo kansa haka suke manne wa ƙwayar halitta su ɓata ta, amma wannan tacewar farko ce kawai, ba hukunci ba.

Maganar gyaɗa ita ta fi damuna gaskiya. Gyaɗa lafiyarta ƙalau, fumfunar da ke kama ta in ta sha danshi ita ke fitar da guba mai suna afilatoksin. An gano ta ne bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin gyaɗa da aka ba su, kuma cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa ta a rukuni na 1, wato an tabbatar tana kawo kansar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. A ƙarƙashin fitilar ultrabayolet, mai wani irin haske da ido ba ya gani, gubar tana ƙyalli shuɗi-shuɗi, da wannan ƙyallin ake auna ta a ɗakin gwaji, kuma Turai ba sa karɓar gyaɗar ci da gubar cikinta ta wuce maikirogiram 4 a kilo (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram).

Ke ba ki da injin, amma kina da faifai da ido. Ki baza gyaɗar ki tsince duk wadda ta motse, ta yi baƙi, ta fashe ko ƙwaro ya huda, wadda kika ɓare kika ga gari kore-kore a ciki ko kika ji ɗaci ki zubar, kar ki ba kaji ko akuyar da ake tatsa don gubar tana bin nono. Suya ba ta kashe ta gaba ɗaya, kar wani ya ruɗe ki. Buhu kuma ki ɗora kan katako nesa da bango musamman da damina, sannan wannan gyaɗar mai araha da 'yan kasuwa ke warewa gefe su ce ai niƙawa za a yi, don Allah Hajiya ki bar musu kayansu ko da riba za ta ragu.