Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Godiya, Barci da Damuwar Mai Jego

Tambaya: Likita, da gaske ne yawan godiya na ƙara wa mutum farin ciki? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

Amsa: Da gaske ne, Malam. A 2003 wasu masana biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun sa ɗalibai su riƙa rubuta abu biyar da suke godiya a kai duk mako, har mako 10. Waɗannan sun fi gamsuwa da rayuwarsu a kan waɗanda aka sa rubuta abin da ya ɓata musu rai. Mu dama mun san yaba kyauta tukuici.

Tambaya: Da na kwanta sai tunani, barci ya ƙi zuwa.

Amsa: Ajiye waya, ka bar shayi mai kauri bayan la'asar, ka tuno alheri uku da ka samu a ranar kafin ka rufe ido. In abin ya haura mako biyu, je asibiti. Kada ka sayi ƙwayar barci a kemis.

Tambaya: Ƙanwata ta haihu wata biyu ke nan. Kullum kuka, ba ta cin abinci, ba ta son ɗaukar jaririn. Surukarta ta ce butulci ne, Allah ya ba ta ɗa lafiyayye ta ƙi godiya. Wasu sun ce iska ce, a kai ta a yi mata turare.

Amsa: 'Yar'uwa, tambayarki ce ta fi tsaya mini a rai. Ƙanwarki ba butulu ba ce, ba ta da lafiya ne. Alamomin nan sun yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ke samun fiye da mace 1 cikin 10. Da an haihu, wasu sinadarai a jikin mace sukan sauka kwatsam, ga rashin barci, ga wahalar jego, wani lokaci ga ƙarancin jini. Ƙuncin kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya kai wata biyu kuwa sai da magani.

Na yaba amfanin godiya a sama, amma ba a ce wa mai zazzaɓin cizon sauro ya gode wa Allah sannan a hana shi magani. Duk sanda aka ce mata "ba ki da godiya", ɗora mata laifi ake yi a kan ciwo, sai ta ƙara yin shiru.

Maganar turare kuwa, wallahi tana ɓata mini rai! A rufe mai jego a ɗaki da hayaƙi, wasu har da bulala wai ana korar aljani, jariri kuma na shaƙa. Ku yi mata addu'a, amma ku kai ta asibiti a makon nan. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato. Akwai magungunan da mai shayarwa za ta iya sha, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi, kada a daina. In ta ambaci mutuwa ko cutar da jaririn, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Tambaya: Maigidana bai taɓa ce mini "na gode" ba. Zai iya jawo hawan jini?

Amsa: Hajiya, ɓacin rai mai tsawo na iya taimakawa wajen hawansa. Je a auna ki, sannan ki nuna wa maigida amsar farko.