Ku Tambaya Mu Amsa: Wanda bai san ruwan gobe ba, yaya zai san zafin shekara hamsin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a unguwar Gwammaja. Sau da yawa nakan ji an yi hasashen ruwa a rediyo, amma gari ya wuni tas babu ko yayyafi. To idan masana ba su da tabbacin ruwan gobe, da wace hujja suke cewa kwamfuta ta nuna musu zafin da duniya za ta yi nan da shekara hamsin, kuma wai mutane ne sanadi? Ɗalibaina sun tambaye ni, ni kuwa ina gudun in koya musu abin da ya yi kama da duba.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da wannan taka-tsantsan. Sanin gaibu sai Allah, kuma aikin da kake tambaya a kansa lissafi ne irin na injiniyan da ke auna nauyin da gada za ta iya ɗauka tun kafin a gina ta.

Mu fara raba abu biyu da Hausa ta haɗa a kalmar yanayi. Idan ka tambayi dattijon da ya yi shekara saba'in a Kano ko za a yi ruwa ranar Juma'a da la'asar, zai ce maka Allah ne masani. Amma idan ka tambaye shi ko Afrilun baɗi zai fi Janairu zafi, ko kuwa a wane wata ake malka, nan take zai ba ka amsa, kuma da wuya ya kuskure. Tambayar farko ta shafi halin gari na yini guda, wanda ƙaramin sauyi a kaɗawar iska kan birkita shi. Ta biyun kuwa ta shafi ɗabi'ar wuri ta shekaru masu yawa, wadda masana kan auna da matsakaicin shekara 30. Wannan ta biyun ita ce manhajar kwaikwayon yanayi, wato tsarin lissafin kwamfutar da kake tambaya a kai, take lissafawa.

Ga yadda ake yi. Ana yanka fuskar duniya gida-gida kamar gurabun dara, kowane gida faɗinsa kimanin kilomita 100 a yawancin manyan manhajojin, sannan a jera wasu gidajen hawa-hawa zuwa sama, wasu kuma zuwa ƙarƙashin teku. A kowane gida ana rubuta zafinsa, da damshinsa, da nauyin iskarsa, da inda take kaɗawa. Daga nan kwamfuta za ta bi dokokin kimiyya da aka daɗe da tabbatarwa, irin su cewa zafi ba ya ɓacewa sai dai ya sauya wuri, da cewa iska mai zafi tana tashi sama, ta lissafa abin da kowane gida zai miƙa wa maƙwabcinsa cikin 'yan mintoci. Haka za ta yi ta maimaitawa har ta cika shekara ɗari ko fiye, shi ya sa aikin yake buƙatar manya-manyan kwamfutoci.

Cikin abin da ake ba ta akwai yawan iskar kabon da ke sama, wadda ke barin hasken rana ya shigo amma ta tare wani kaso na zafin da ƙasa ke mayarwa, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki a daren hunturu. Kafin zamanin masana'antu yawanta kusan kashi 280 ne cikin miliyan, yanzu kuwa ya haura 420, saboda ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas, da kuma sare dazuzzuka. Tun 1958 ake auna ta kai tsaye a dutsen Mauna Loa na Amurka.

Abin da ya fi gamsar da ni, Malam, shi ne an sha jarraba lissafin nan. A 1967 wasu masana yanayi biyu, Syukuro Manabe da Richard Wetherald, sun lissafa cewa idan iskar kabon ta ninka, zafin duniya zai ƙaru da digiri biyu da 'yan kai, suka kuma ce yayin da iskar da ke kusa da ƙasa take ɗumama, ta can ƙololuwar sama sanyi za ta yi. Da rana ce ta ƙara ƙarfi, da sama da ƙasa duk sun ɗumama tare. Bayan shekaru, taurarin ɗan'adam suka auna, aka tarar saman ya yi sanyi kamar yadda suka faɗa, kuma a 2021 Manabe na cikin waɗanda aka bai wa kyautar Nobel. Haka nan da dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta a 1991, masanin yanayi James Hansen da abokan aikinsa sun zuba lissafin ƙurarsa mai tare hasken rana a manhajarsu, ta nuna duniya za ta yi sanyi da kusan rabin digiri na ɗan lokaci, hakan kuwa aka gani.

Batun sanadi kuma, ana gano shi ne ta hanyar gudanar da lissafin sau biyu. A karon farko sai a saka rana da duwatsu masu aman wuta kaɗai, a karo na biyu a ƙara da hayaƙin da mutane suka fitar. Na farkon ba ya haifar da ɗumamar da ma'aunai suka nuna tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, na biyun ne ke dacewa da ita. Wannan na cikin hujjojin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya dogara da su a rahotonsa na 2021, inda ya bayyana cewa duniya ta ɗumama da kimanin digiri 1.1 idan aka kwatanta da shekarun 1850 zuwa 1900, kuma ayyukan mutane ne suka jawo hakan.

Sai dai manhajojin suna da rauni, kuma a kanmu raunin ya fi sauka. Gida ɗaya na kilomita 100 zai iya haɗiye birnin Kano da Wudil da Bichi, alhali kai shaida ne cewa akan yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Hotoro, Kabuga kuwa ƙura na tashi. Hadarin da bai kai girman gida ba ƙiyasta shi ake yi, don haka manhajojin suka yi ittifaƙi a kan ƙaruwar zafi a yankinmu na Sahel da yawaitar mamakon ruwa mai zuwa a lokaci guda, amma suka saɓa a kan jimillar ruwan da damina za ta riƙa kawowa. Ga al'ummar da ba ta manta farin 1973 da na 1984 ba, wannan saɓanin yana damuna ƙwarai, kuma ina ganin ƙara tashoshin awo a ƙasar Hausa, da horar da 'ya'yanmu a wannan fanni, zai taimaka wajen rage shi.

Game da ɗalibanka, ka samo ma'aunin zafi ka rataye a inuwa, su riƙa rubuta abin da ya nuna kullum da ƙarfe sha biyu, su fitar da matsakaicin kowane wata. Kafin zangon karatu ya ƙare za su ga cewa awon yini guda yana hawa da sauka, shi kuwa matsakaicin wata yana bin hunturu da bazara sau da ƙafa.