Alhaji ya ce a ɗora sabuwar manhaja ranar Lahadi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Sharaɗa. Lissafin sito, bashin da muke bin 'yan kasuwa da albashin ma'aikata duk suna kan wata saba (babbar kwamfuta) ta IBM, wadda tsofaffin ma'aikatanmu har yau suke kira AS/400. Tana kan manhajar IBM i, siga ta 7.3. Masu binciken kuɗi sun ce manhajar ta tsufa, shi ne Alhaji ya ce in ɗora 7.5 Lahadi mai zuwa tunda ba a aiki. Wallahi gabana faɗuwa yake. Ta ina zan fara? Daga mai karatu a Sharaɗa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gara da gabanka ya faɗi. Masu binciken ba su yi ƙarya ba: 7.3 ta fito a 2016, kuma IBM ta janye mata tallafin yau da kullum tun 30 ga Satumba 2023. Amma Lahadin nan ta yi kusa. Ka samu Alhaji bayan la'asar, lokacin da hayaniya ta lafa, ka roƙi wata guda.

Kafin nan, tashi ka duba lambar da ke jikin injin. Manhajar 7.5 ba ta hawa inji samfurin Power8, sai Power9 zuwa sama. Kada ka tsaya ga abin da QMODEL, wato lambar samfuri da injin ke nunawa a allo, ya nuna maka, domin 8286-41A Power8 ce, 9009-41A kuma Power9 ce, duk biyun 41A za su ce maka. Idan taka Power8 ce, iyakarka 7.4, kuma maganar ta koma ta sayen sabon inji da dala, wadda ba taka ba ce, ta Alhaji ce. Idan Power9 ce, daga 7.3 ana tsallakawa 7.5 kai tsaye. Ka kuma tambayi akanta ko ana biyan kuɗin kwangilar kula da manhaja, don sai da ita za ka sauke sabuwar daga wurin IBM ka karɓi makullan lasisi. Manhajar tana aiki kwana 70 ba makulli, sai mutum ya sakankance ya manta.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Wannan hanya ba ta da ribas. Idan ka hau 7.5 abu ya lalace, babu maɓallin komawa 7.3, sai dai ka sake gina injin daga kaset ɗin ajiya. Saboda haka umarnin ajiya na GO SAVE zaɓi na 21, wanda ke kwashe komai da komai, shi ne ranka. Yana korar kowa daga kan injin har ya gama, don haka ka gwada shi tun yanzu ka riƙe agogo, ka san ko awa biyu yake ci ko bakwai. Ka yi kaset biyu, ɗaya ya kwana a wani ginin daban.

Na taɓa zuwa wani kamfani da ba zan faɗi sunansa ba. Wani yaro mai ladabi kullum da yamma sai ya sa kaset, da safe ya cire ya rubuta kwanan wata ya jera a kabad, har kabad ya cika. Ranar da aka buƙaci mayar da fayil ɗaya tak, sai ga kasakasan fanko. Ƙurar hunturu ta toshe kan na'urar kaset tun watanni, aikin ajiyar yana faɗuwa kowane dare, saƙon kuskuren yana zaune a QSYSOPR, akwatin saƙonnin mai kula da injin, ba mai leƙawa. Na ga dattijon manaja ya cire hula yana share zufa cikin sanyin Janairu. Tun daga ranar, ban yarda da kaset ba sai na ga an dawo da wani abu daga cikinsa da idona. Sayi kaset ɗin wanke na'ura, ka dawo da laburare ɗaya, wato rumbun fayiloli, ƙarƙashin wani suna, ka buɗe ka gani.

Sauran shirin karatu ne da waya. Karanta takardar da IBM ke kira Memo to Users, ta 7.4 da ta 7.5 duka, tunda tsallake ɗaya za ka yi. Ɗora gyare-gyaren da IBM ke kira PTF da ake buƙata a kan 7.3 tukuna, ka amince da yarjejeniyar lasisi ta umarnin GO LICPGM zaɓi na 5. Kira wanda ya rubuta muku manhajar lissafi ya ba ka amsa a rubuce cewa tana tafiya a 7.5, in yana raye kuma ana samunsa. Daga 7.4 aka rufe tsofaffin hanyoyin tsaron sadarwa tsakanin kwamfutoci na TLS 1.0 da 1.1 sai in ka buɗe da kanka, to tsohuwar kwamfutar da ke sito tana buga takardar fitar da kaya za ta iya ƙin haɗuwa ranar Litinin, ga tireloli a ƙofa, direbobi na ta oda.

Batun rana kuwa, ka kauce wa ƙarshen wata saboda albashi, ka kauce wa goman ƙarshe na azumi lokacin da 'yan kasuwar Singa ke ɗibar kaya ba dare ba rana. Hutun bayan Sallah ya fi, ko da za ka ci tuwon Sallar a ofis. Ranar aikin kada ka jira a ɗauke wuta: ka hau janareta tun farko, tanki cike da dizal, mai gyaransa na zaune kusa, na'urar sanyaya ɗaki na aiki. Batirin UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, da ya shekara huɗu cikin zafin Kano, a canza shi.

Turo min lambar injin da awannin da ajiyar ta ci, sai mu tsara jadawalin ranar a fitowa ta gaba.