Amsa kan haɗa ƙwayoyin sufasimetiri da filaye masu babban sifin

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana digiri na biyu a fizis a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kana son sanin yadda ake haɗa ƙwayoyi (particles) masu sufasimetiri (ka'idar da ke ba kowace ƙwaya abokiyar da sifinsu ya bambanta da rabi) da filayen geji na konfomal (filaye masu ɗauke da ƙarfi tsakanin ƙwayoyi, waɗanda ka'idarsu ba ta sauyawa idan an sauya ma'aunin tsayi) masu sifin (juyin da ƙwaya take da shi a kanta) sama da 2, da kuma inda za ka fara. Na daɗe ina bin wannan fanni, kuma shawarata ita ce ka fara daga ƙwayoyin, domin su ke nuna maka filin da zai karɓe su.

Ɗauki filin sikela (wato mai sifin 0) na komfuleks, maras nauyi. Daga gare shi za ka gina kwararar Noether (kwararar abin da ake kiyayewa, wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa) ga kowane sifin: ta 1 ita ce ta caji, ta 2 ta makamashi, haka har sama. Sai ka ninka kowace da filin gejinta. A matakin farko lissafi yana tafiya lafiya lau. A na biyu ne aiki yake: idan ka haɗa sauyin sifin 3 da wani na sifin 3, sifin 4 zai fito, shi ma ya jawo na gaba. Kamar gayyar biki ce a nan Sakkwato, ka kira mutum ɗaya dangi duka su taho. Dole ka ɗauki jerin gaba ɗaya, ba iyaka. Fradkin da Tseytlin suka gabatar da waɗannan filaye a 1985, Segal da Tseytlin kuma suka nuna a 2002 cewa ka'idar filayen tana fitowa daga lissafin kwantam na sikelar kanta. Wannan wurin yana burge ni ƙwarai.

Da sufasimetiri, sai ka sa tarin Wess da Zumino na 1974 (sikela tare da abokiyarta mai sifin 1/2) a madadin sikelar. Kwararar Ferrara da Zumino ta 1975 ta tattara makamashi da kwararar sufasimetiri wuri guda, ita ce matakin farko na jerinka. Kuzenko da abokan aikinsa a Perth ta Ostireliya sun yi aiki sosai kan matakan sama.

Amma ka sani, a sarari da lokaci mai fuska huɗu, lissafin filin sifin s yana da difarenshiyal sau 2s, abin da ke haifar da yanayi masu makamashi ƙasa da sifili. Har yau kuma CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, ba ta ga sufasimetiri ba. Don haka a rubutunka ka gabatar da shi a matsayin binciken lissafi.

Ka zauna da biro ka fitar da kwararar sifin 3 da hannunka, ka tabbatar kiyayayya ce (conserved). In ka maƙale, turo mini hoton shafin mu duba tare.