Waƙarka ce, amma kada ka sa hannu tukuna

Metir, barka da aiki. Ni matashi ne a unguwar Garin Malam nan Damagaram, shekarata uku ina waƙa, ba kamfani ba ubangida. Na yi waƙa shida a wani situdiyo, kowace ina biyan jika 15, mai situdiyon ne ke haɗa kiɗa. Na ɗora su a Audiomack da YouTube don a san ni. Ɗaya ta karɓu, ana hawanta a TikTok, ana sa ta gidan biki. Watan jiya YouTube ta aiko mini saƙo wai wani kamfani ya ce waƙar tasa ce. Da na bincika sai na gan ta a Spotify da Boomplay da sunan mai situdiyon. Na yi masa magana, ya ce kiɗansa ne, kuma tunda na sake ta kyauta a intanet ta zama ta kowa. Yanzu ya ce in karɓi jika 150 in sa hannu a wata takarda ta Faransanci mai shafi huɗu, a kashe magana. Mene ne mafita?

Ƙanena, kada ka sa hannu a takardar nan tukuna, kada kuma ka karɓi ko dala a cikin kuɗin. Sauran magana mu bi ta a hankali.

Zancen cewa waƙa ta zama ta kowa don an ɗora ta a intanet ba shi da tushe. Wanda ya baza hajarsa a kasuwar Dole don masu wucewa su gani, bai ce kowa ya ɗiba ba. Dokar da ke kare haƙƙin mawallafa a Nijar ita ce mai lamba 2010-95 ta ranar 23 ga Disamba 2010, kuma a ƙarƙashinta haƙƙinka yana tabbata ne tun ranar da ka ƙirƙiri waƙar, ba sai ka yi rajista a wani ofis ba. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta Afirka, mai ƙasashe 17 da hedkwata a Yawunde, tana kuma cikin yarjejeniyar Berne ta 1886, saboda haka kariyar tana bin waƙar har Najeriya da Faransa da Amurka, tsawon rayuwarka da aƙalla shekara 50 bayan ranka. Abin da ka ba Audiomack da YouTube ranar da ka danna amincewa da sharuɗɗansu izini ne na su ajiye waƙar su sa wa masu saurare. Mallaka tana hannunka.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, mutumin nan yana da ƴar madafa. Kai kana ganin waƙa abu guda ce, doka kuwa tana ganin haƙƙoƙi a jere. Akwai baitoci da karin da ka rera su da shi, waɗannan naka ne. Akwai muryarka a matsayin wanda ya rera, ita ma tana da nata haƙƙi. Akwai kiɗa, wanda in har shi ya ƙirƙire shi to yana da rabo a waƙar. Sannan akwai naɗin da aka yi a situdiyo, wanda doka ke danganta shi ga wanda ya ɗauki gabarar aikin da nauyinsa, kuma a nan kana da ƙarfi tunda kai ka je kai ka biya. Tambayar da alƙali zai yi ita ce: jika 15 ɗin nan kuɗin mene ne? Kai za ka ce ka sayi kiɗa, shi zai ce hayar ɗaki da na'ura ka biya. Ba takarda, alhali doka tana son miƙa irin wannan haƙƙi ya zama a rubuce. Amma wuƙar nan baki biyu gare ta. Kamar yadda bai rubuta maka cewa ya sallama kiɗa ba, haka kai ma ba ka rubuta masa cewa ka sallama baitoci da murya ba. Ɗaukar waƙar dungurungum ya sa sunansa shi kaɗai, wannan ya taka doka, domin haƙƙin a ambaci sunan mawallafi a kan aikinsa ba ya sayuwa ba ya kyautuwa.

Ka kuma bincika a asirce ko shi ya haɗa kiɗan da gaske. Da yawa ana sauko da shi ne daga intanet a ɗan canza masa kama. In haka ne, hujjarsa ta rushe, amma kai ma ka san akwai mai kiɗa na asali da zai iya tasowa wata rana.

Yadda waƙar ta isa can ba wani abin mamaki ba ne. Spotify ba ta karɓar waƙa kai tsaye daga mawaƙi, sai ta hannun dillalai irin DistroKid ko TuneCore ko CD Baby. Duk wanda ya buɗe asusu ya cike fom ya ce waƙa tasa ce, za a ba ta lambar shaida ta ISRC a rarraba ta. Daga nan ake iya shigar da ita na'urar YouTube mai suna Content ID, wadda ke sauraren duk abin da aka ɗora tana kwatantawa. Na'urar ba ta san wanda ya kwana yana tsara baiti ba, wanda ya riga kai mata kawai ta sani. Shi ya sa ta kama ka a kan kayanka.

Kafin ka sake ce masa uffan, tara shaida. Wannan ne wurin da yaranmu suka fi faɗuwa, kuma abin yana damuna. Akwai wani yaro da ya zo ofishina da irin wannan matsala, ya ajiye mini salula mai fasasshen gilashi da wani littafin lakkwal da ya sha hannu. A cikin salular akwai muryarsa yana gwada amshin waƙar ba kiɗa, ana jin kukan akuya a bayansa, da kwanan wata sama da wata biyu kafin ya taka situdiyo. A littafin kuma ga baitocin da gyare-gyarensu, an soke wannan an ɗora wancan. Da abokin rigimarsa ya ji muryar nan, ko kotu ba mu je ba. Nemi irin waɗannan. Saƙonnin WhatsApp tsakaninku kada ka goge ko ɗaya, musamman inda ya ce kiɗansa ne, domin a nan ya yarda da kansa cewa sauran ba nasa ba ne. Rasidin Nita ko Amana in ta nan ka taɓa tura masa kuɗi. Ranar da ka fara ɗora waƙar a Audiomack, wadda shafin ke nunawa. Ka ɗauki hoton shafukan Spotify da Boomplay da ke ɗauke da sunansa yau-yau, kafin ya gyara. In da hali, wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai tabbatar da shaida a rubuce, ya duba ya rubuta abin da ya gani, takardarsa tana da nauyi gaban alƙali.

A YouTube kana da damar musanta iƙirarin daga cikin shafinka. Ka rubuta gaskiya a taƙaice: kai ka rubuta, kai ka rera, ga ranar da ka fara ɗorawa. Mai iƙirarin yana da kwana 30 ya amsa, in ya yi shiru iƙirarin ya faɗi. Ka kuma rubuta wa dillalin da aka bi ta hannunsa, sunansa yana cikin saƙon da aka aiko maka. Kamfanonin Amurka suna aiki da wata doka ta 1998 da ke sa su sauke abin da mai haƙƙi ya yi ƙorafi a kai. Amma a kula, kada ka ce kiɗan ma naka ne in ba naka ba ne, rantsuwa ce kake yi a rubuce. Kuma in rigimar ta kai ga shi ma ya nemi a sauke bidiyonka, za a rubuta maka gargaɗi, gargaɗi uku cikin kwana 90 kuwa rufe shafi ne.

Kotu tana nan, babbar kotun Damagaram na iya hana shi ci gaba ta kuma yanke diyya. Ni dai ba ita zan fara nuna maka ba. Abin da waƙa ɗaya ke kawowa daga saurare a intanet sau da yawa bai kai kuɗin shari'a ba. Ribarka ta gaske ita ce suna, wanda ke jawo gayyatar biki da wasa da talla, kuma sunan ne aka ɗauke maka. Na fi son ku zauna gaban wani babba da kuke jin nauyinsa ku biyu, shaidarka a hannu, ku rubuta rabo: sunanka a matsayin mawaƙi, sunansa a matsayin mai kiɗa, kaso kaza naka kaso kaza nasa, waƙar ta dawo asusunka. Kowa ya sa hannu da shaidu biyu.

Takardar da ya ba ka kuwa, ko ban gan ta ba na san inda zan fara dubawa. In ka ga kalmar cession, sayarwa ce, waƙa ta bar hannunka. In licence ce, izini ne, sai a duba na shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, kuma shi kaɗai ne ko kana iya ba wani. A duba ko ta haɗa da waƙoƙin da ba ka yi ba tukuna, da sunan da kake waƙa da shi, da mabuɗin shafukanka. Duk layin da ya taɓa waɗannan uku a soke shi. In takardar ta haɗa duka waƙoƙin, jika 150 a kan waƙa shida jika 25 ke nan kowace, ka cire 15 da ka biya, saura 10 a kan waƙar da ake rawa da ita a bukukuwan gari. Da bai ga abin da ya fi haka ba, da bai yi tayi ba.

Ka shiga BNDA, hukumar kula da haƙƙin mawallafa ta Nijar mai hedkwata a Yamai, ka bayyana waƙoƙinka shida da sunan wanda ya yi baiti da wanda ya yi kiɗa. Ita ke karɓar wa mambobinta kuɗi daga gidajen rediyo da talabijin da wuraren da ake sa waƙa, takardarta kuma ƙarin shaida ce. In akwai waƙar da ka ɗauko amshinta daga waƙar gaɗa ko wani kiɗan gargajiya, faɗa musu, domin dokar 2010 ta shafi kayan gargajiya su ma. Sauran biyar ɗin da bai taɓa ba, ka buɗe asusun dillali da imel ɗinka da lambar salularka, ba ta aboki ba, ka shigar da su da zarar kun rubuta rabon kiɗa. Ka kawo mini takardar mai shafi huɗu mu karanta ta tare layi-layi kafin ranar zaman.