Motarka ba a tsaye take ba, kai ka tsayar da ita

Ka ce hotunanka na tseren motoci suna fitowa kamar an faka motar a kan kwalta, kana tambaya ko ka sauke saurin ƙyaftawar kyamara zuwa 1/30 na daƙiƙa kamar waɗanda kake gani a Instagram. Yaro, kada ka fara.

Laifin 1/2000 ne da kake sawa. Yana daskarar da komai, har rubutun jikin taya sai a karanta. Dawo 1/250, ka kafa ƙafafunka, ka juya daga ƙugu kana bin motar, kuma kada ka tsaya bayan ka danna. Sai hannunka ya faɗa ka sauko 1/125. Motar da ke gudun kilomita 300 a awa tana cin mita 83 a daƙiƙa, wato a 1/125 ta matsa kusan santimita 67 kafin kyamara ta rufe ido. Fokas mai bin abu a guje kuwa, in sai na gaya maka, ba ka isa riƙe dogon gilashin kyamara na 400mm ba. Ɗora fokas ɗin a kan hular kwanon direba. In akwai shingen waya, manna gilashin kusa da shi ka buɗe ƙofar hasken gilashin zuwa f/4, wayar za ta ɓace.

Abin da ya sa na hana ka 1/30 shi ne wani abokin sana'armu, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wata ƙungiyar tsere ta ɗauke shi aikin kwana uku, da baki kawai, babu takarda babu kafin alƙalami. Ya tsaya a kwanar hanya, ya zuba hotuna a 1/30, baya ya narke kamar an ja fenti, gwanin kyau. Ya manta cewa a kwana gaban mota da bayanta ba sa tafiya daidai a idon kyamara: hular direba ta fito tas, sunayen masu ɗaukar nauyi a gefen motar suka dagule. Shugaban ƙungiyar ya ce su tallan nan suke sayarwa, don haka ko sisi. To, ya yi kuskure, mun yarda. Amma ya riga ya tura musu manyan hotunan babu tambarinsa a kai, wai su duba. Bayan mako biyu sai ga hotunan da suka raina a shafinsu, an yanke sunansa. Haƙƙinsa yana wuyansu.

Ku yaran yanzu kuna son hoton da za a yi wa tafi tun ba ku iya na cin abinci ba. Zagaye 5 na farko ka tsaya a 1/500, ka samu kowane tambari a fili, sannan ka yi wasanka. Rabin kuɗi a hannu kafin ka buɗe jaka, samfuri ƙarami da sunanka a tsakiya. Kuma ko memori za ka canja, fuskarka na kallon inda motoci ke fitowa.