Shin kyamarar ganin zafi za ta hana brekarmu ƙonewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da wutar wata masana'antar robobi a Sharaɗa, Kano. Sau biyu a bana babbar brekarmu, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, tana ƙonewa, aiki ya tsaya cak. An ba maigida shawarar ya sayi kyamarar nan mai nuna zafi. Da gaske tana gano matsala tun kafin ta auku, ko asarar kuɗi ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tana ganowa, musamman irin matsalar da ka kawo. Amma sai a hannun wanda ya san inda take faɗin gaskiya da inda take ruɗi.

Kowane abu yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a 1800, kuma yawansa yana ƙaruwa da zafin abin. Shi kyamarar ke ɗauka ta mayar da shi launuka. Amfaninta ga mai aikin wuta a fili yake: inda noti ya saki, ko tsatsa ta ci bakin waya, wuta tana wucewa da ƙyar, wurin ya ɗauki zafi. Zafin nan kuma ba ya tafiya daidai da lodi. In wutar da ke bi ta wurin ta ninka biyu, zafin da ake samarwa ninki huɗu yake yi. Shi ya sa mahaɗar da ta kwana lafiya take narkewa da rana sa'ad da duk injina suka tashi.

Daga nan ka ga sharaɗin farko. Ba a dubawa ranar hutu, ko da an ɗauke wuta. Ana son lodi ya kai aƙalla kashi 40 cikin 100, kuma a bar injina su ɗan jima suna aiki. Tunda yawancin masana'antunmu suna yawo tsakanin wutar gari da janareta, a duba makunnin sauya layi a kowane ɓangare, domin nan ne ke shan wahala.

Na biyu, kyamarar saman abu kawai take gani. Ba ta ratsa murfin ƙarfe, ko gilashi ma ba ta ratsawa. Dole a buɗe fanel, wato akwatin da brekoki ke ciki, alhali wutar bolt 415 na ciki, kuma nan haɗarin yake, domin tartsatsin wuta na iya tashi ya ƙone mutum. Mutum biyu ake so, da kayan kariya, mai kyamara ya tsaya baya kada ya miƙa hannu. Akwai 'yan tagogi na musamman da ake sakawa a jikin murfi don a leƙa ba tare da buɗewa ba.

Inda na fi ganin sababbin hannu suna faɗawa shi ne ƙarfe mai sheƙi. Jan ƙarfe da aka goge kamar madubi yake ga kyamarar. Yana iya yin zafin da zai sale fata ta nuna maka sanyi, ko ta nuna tabon zafi wanda ɗumin jikinka ne ya dawo. In ka gusa gefe tabon ya bi ka, ba matsala ba ce, kai ne. Dabarar ita ce a auna a kan robar kebul dab da mahaɗa, ko a liƙa ɗan baƙin tef a wurin lokacin da wuta ke kashe, domin tef ba ya ruɗin kyamara.

Kada lambar wuri ɗaya ta ɗauke maka hankali, balle a zafin Afrilu da komai ke ɗumi. Kwatanta layukan wuta uku da ke shiga brekar da juna, ka kuma auna wutar kowanne da mita. Ƙa'idar ƙungiyar NETA ta Amurka ita ce: bambancin digiri 1 zuwa 3 a sa ido, 4 zuwa 15 a gyara da zarar an samu dama, sama da 15 a gyara nan take. Siffar zafin ma tana magana. In ya taru a kan noti yana raguwa a tsawon waya, mahaɗa ce ta lalace. In wayar ta yi zafi daga farko har ƙarshe, lodi ya fi ƙarfinta. Layin da ya yi sanyi shi kaɗai kuwa, a duba fis.

Batun saye, ni ban ga dole ba. Ƙa'idar kula da kayan wuta ta Amurka, NFPA 70B ta 2023, ta nemi a duba aƙalla sau ɗaya a shekara, don haka ƙaramar masana'anta na iya ɗaukar ƙwararre ya zo da kyamararsa ƙirar Fluke ko FLIR. Ga ƙurar hunturu da ke cika mana fanel, ni sau biyu zan ce.

Brekar da ta ƙone sau biyu a wuri ɗaya kuwa, ina zargin ba ita ce mai laifi ba. Wataƙila an sa sabuwa a kan tsohon kan kebul da ya riga ya ƙone, aka ɗaure aka tafi. A yanke wurin da ya yi baƙi, a matse sabon kai, a ɗaure da awon da kamfanin brekar ya rubuta, sannan a sake ɗaukar hoto a kan lodi bayan gyaran.